Shigifar Hayatu Mai Fenti

Shekara talatin da biyar Hayatu ya yi yana shafa bangon gwamnati a Sakkwato. Ya shafa ofisoshi, ya shafa azuzuwan makaranta, ya shafa gidajen manyan ma'aikata duk sa'ad da aka yi canji sabon maigida ya ce launin wanda ya tashi bai kwanta masa ba. Dogo ne, siriri, mai ɗan ranƙwafawa irin ta wanda ya daɗe a kan tsani. Gindin faratansa bai taɓa rabuwa da farin fenti ba, ko ranar Sallah. Ba shi da yawan magana. In ya shiga ɗaki, bango yake fara kallo kafin mutanen da ke ciki, kuma ko gaisuwar mutuwa ya je sai idonsa ya gano inda mai aikin ya yi ha'inci.

Asalinsa ɗan Ƙofar Rini ne, amma bai tashi a can ba. Ubansa masinja ne. A kwatas ɗin ƙananan ma'aikata aka haife shi, tsakanin bulo da kwanon rufi, can ya yi wayo, can ya yi aure, can ya yi furfura. Ginin ƙasa bai san shi ba sai in ya je ziyara.

Matarsa Ashatu 'yar fataken shanu ce daga Unguwar Rogo. Danginta ba su taɓa ɗaukar Hayatu da nauyi ba. Ba su wulaƙanta shi a fili ba, sai dai in ana shawara a gidan ba a jiran ya iso. Sun haifi biyar, huɗu suka koma tun suna ƙanana, saura Maimuna da ke aure a Argungu. Ɗaki biyu suka zauna a kwatas, shekara talatin da ɗaya, kuma duk tsawon zaman nan Ashatu ba ta dasa ko zogale a bayan ɗaki ba. Ta ce ba ta yi wa wanda zai gaje ta ban ruwa.

Da ritaya ta zo, aka ba shi wata uku ya tashi, kamar yadda ake ba kowa. Abin da yake da shi a duniya gidan kakansa ne a Ƙofar Rini. Lokacin rabon gado 'yan'uwa suka ɗauki fadama suka bar masa gidan, domin ba mai so. Shekara tara ba a kwana a ciki ba, tun rasuwar gwaggonsa. Akwai zaure mai kaurin bango, akwai tsakar gida da ciyawa ta cinye, akwai wani ƙaramin ɗaki da rufinsa ya riga ya zube. Sai kuma shigifa, babban ɗakin laka mai rufin azara, tana tsaye daram, illa ruwan damina tara ya zaizaye fuskarta har ana ganin kawunan tubali.

A lokacin Ashatu ta shekara biyu da ciwon zuciya. Ƙafafunta sun kumbura, in ta yi taku goma sai ta nemi abin dafawa.

Ranar tashi, ƙanenta Yari ya kawo ta a motarsa. Yari mutum ne mai jiki, mai murya, dillalin shanu a kara, kasuwar dabbobi, wanda ya saba in ya faɗi magana ta zauna. Ya shiga ya zagaya gidan yana tattare babbar riga, ya fito ya tsaya a gaban Hayatu.

"Malam Hayatu, nan za ka aje man yaya? Wallahi ko shanuna ban kwantarwa nan."

Hayatu ya juya yana kallon bangon shigifar.

Ashatu ta sa aka riƙe ta har bakin shigifar. Ta dafa bangon, ta ɗan bubbuga shi da tafin hannu, ta ɗaga kai ta dubi azara. Ita a gidan ƙasa ta tashi, tana yarinya ta ɗebo ruwan yaɓe, ta yi daɓe tare da mata.

"Ginin ga lahiya lau shike," in ji ta. "Yaɓe shika so. A samo laka da makuba, kwana huɗu an ƙare."

"Yaya, ke da numfashi ka gagara za ki kwana cikin ƙasa?" in ji Yari. "Ki zauna wurina sati biyu, shi gyara, kana ki taho."

Ta dubi mijinta tana jiran ya yi magana. Shi kuwa kunnensa bai ɗauki zancen yaɓe ba, zancen shanu ya ɗauka, ya haɗiye shi ya tsaya masa a ƙirji. Ya ce, "Ki tahi, sati biyu na." A ransa ya riga ya yanke cewa ranar da Yari zai sake taka gidan nan, ba zai iya rantsewa ginin ƙasa ne ba.

Ya share zaure ya shimfiɗa tabarmarsa a can, ya jibge kayansu a gefe ya lulluɓe da leda. Bai nemi magini ba. Ya ce ya yi shekara talatin da biyar yana tsaye bayan masu filasta yana jiran su gama ya shafa, babu abin da hannunsu ke yi da idonsa bai haddace ba. Gaskiya ya faɗa. Ya sayo siminti da yashi, ya ari baro da kwanon sarki, ya sayo ragar waya irin ta kejin kaji. Ya kankare fuskar shigifar, ya kafe ragar da dogayen ƙusoshi, ya kwaɓa, ya shiga watsawa yana lailayewa da katako. Ciki da waje. Da ya gama bango ya hau sama, ya zuba wa rufin ma siminti mai kaurin yatsa uku, don kada ɗigo ɗaya ya sauka a kan Ashatu.

Maƙwabcinsa na gabas wani tsoho ne, Na'Allah, tsohon magini, ya haura tamanin, ido ya yi rauni. Kullum yana zaune a garka, wato ƙofar gidansa, da sanda a tsakanin gwiwoyi. Ya yi kwana uku yana jin ƙarar shebur, ran na huɗu ya lallaɓo ya tsaya a gindin tsani.

"Jikan Malam Amiru, mi kaka yi ma ginin kakanka?"

"Riga nika sa mai, Baba."

"Rigar dutse? Ni nid ɗauki laka ina yaro sa'ad da anka yi shigihwar ga. Ƙasa da siminti ba su zama wuri guda. Ginin ƙasa shan ruwa shika yi da damana, shi hurzar da rani. In ka toshe mai hanci, ruwan da yas shiga ta ina shika hita?"

"Ai ba shi ma shiga, Baba. Don haka nika yi."

"Sakkwato ta wagga. Rana za ta tsaga ma shi tun ruwa bai zaka ba."

Hayatu ya yi dariyar ladabi. Ya ce zamani ya canza, ya ce gidajen manya duk haka suke. Na'Allah ya ce gidajen manya bulo ne a ciki. Ya juya yana laluben hanya da sanda, yana cewa shi dai ya fita haƙƙin maƙwabtaka.

Kowace la'asar Hayatu yakan wanke hannu da kananzir, ya sa riga, ya hau kabu-kabu zuwa Unguwar Rogo. An ba Ashatu ɗaki mai fanka da tayil a gidan Yari. Ba a rage ta da komai ba. Matar Yari na kawo mata romo, ana gaishe ta da durƙuso, ana yi mata sannu sau hamsin a yini. Wannan ne ya fi ci mata rai. Macen da ta yi shekara talatin tana raba tuwo, yanzu sai an zubo an miƙo mata, ta ce an gode.

Sati biyu suka wuce, suka zama wata biyu. Wata la'asar ta jira matar Yari ta fita, ta ce masa ya matso.

"Malam, ka kai ni ɗakina hakanan."

"Saura kaɗan. Ƙasan ɗaki nika yi yanzu."

"Tabarma ba ta san siminti ba. Ka jiya? Ni ba bazawara ba ta, da zan mutu gidan ƙanena. Ina da miji. Ina son in an ɗauke ni, a hid da ni ta ƙohwar gidanka, a zauna makoki garkarka."

"Ki bar wagga magana, Ashatu."

"Likita bai bar ta ba, ni zan bari?"

Ya sunkuyar da kai yana kankare farcensa. Ya ce ta ba shi sati uku.

Ba ƙarya yake yi mata ba, ya ɗauka sati ukun ne. Amma aikin mai fenti ba ya ƙarewa sai ido ya gamsu, kuma idon Hayatu idon Yari ya ara. Ya gama ƙasan ɗaki, ya ga taga ta yi ƙanƙanta, ya fasa bango ya faɗaɗa ta ya sa mai gilashi. Ya ja wayar lantarki. Azumi ya zo cikin tsananin bazara, ya ci gaba da aiki da baki a bushe, daga asuba zuwa hantsi, har sai da ya rame wuyansa ya fito kamar na zalɓe. Sannan ya zo kan abin da ya iya. Ya shafa farar shimfiɗa, ya bari ta sha iska, ya bi da fentin mai, mai sheƙi, wanda ruwa ba ya kamawa. Sama ruwan madara, ƙasa ruwan ƙasa, irin na gidajen manyan sakatarori. Layin da ya raba su da zare ya buga shi, ya jiƙa zaren a shuni ya ɗame ya saki, ya fito sak kamar an ja da rula. Duk aikinsa na gwamnati bai taɓa fitar da layi irin wannan ba.

Fentin mai yana da wari, mai ciwon ƙirji ba ta iya kwana cikinsa. Aka ce a jira ya fita. Ana cikin jira, zafin ranar watan huɗu ya yi abin da Na'Allah ya ce. Tsaga ta fito a rufi, siririya kamar gashi, wata ta fito inda rufi ya haɗu da bango, wata ta gangaro daga kusurwar sabuwar taga. Hayatu bai damu ba. Tsaga abokiyar aikinsa ce, ya rufe dubbai. Ya cusa foti, ƙullun toshe tsaga, ya goge da takarda mai yashi, ya sake bi da fenti. Wari ya dawo sabo. Aka sake jira.

Wata safiya Na'Allah ya bi ta lungun da ke bayan shigifar, ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa bangon. Ya matsa gaba ya sake ƙwanƙwasawa. Ya kira Hayatu.

"Saurara."

Bangon ya amsa kamar ganga.

"Ya rabu da uwatai," in ji tsohon. "Tsakanin rigarka da jikin ginin yanzu hannu na shiga. Ɓamɓare ta tun hadari bai taso ba. Ka yi hasarar siminti, ba ka yi ta ɗaki ba."

Hayatu ya san wannan ƙara, ya san abin da take nufi a bangon bulo ma. Ya tsaya ya dubi wata biyar na ƙarfinsa suna sheƙi a rana. Ya tuna zai je ya gaya wa Yari cewa a ƙara haƙuri, zai kankare abin da ya shafa ya koma laka. Ya ce, "Ragar waya na riƙe da shi, Baba." Na'Allah bai sake ɗaga maganar ba.

Ruwan fari ya sauka, na biyu ya sauka, ko ɗigo bai shiga ɗakin ba. Hayatu ya tsaya a tsakiyar shigifa ana ruwa yana kallon sama, ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba. Ya aika wa Yari ya zo ya gani.

Yari ya zo, ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba. Ya shafa bango, ya kunna fitila ya kashe.

"Kai, Malam Hayatu! Ashe akwai ka. Wanga ai ɗakin amarya na."

Wannan kalma Hayatu ya yi wata shida yana wa aiki. Da ta zo, ba ta kai yadda ya zata ba, amma ya karɓa.

"Abu guda," in ji Yari. "Yaya ba ta iya tsugunno yanzu. A yi mata ban-ɗaki na zama nan kusa, kana in kawo ta da kaina."

Wannan gaskiya ce, ba neman rigima ba, Hayatu ma ya sani. Ya ƙara sati uku a kan ban-ɗaki. A cikin sati ukun nan ƙofar shigifa ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa take buɗuwa. Ya cire ta ya fere gefenta. Fenti ya fara yin ƙuraje a gindin bangon gabas, in an latsa sai ruwa ya tsattsafo. Ya ce fentin yanzu ba shi da kyau, an cika shi da haɗi. Ɗakin ya ɗauki wani wari kamar na randar da aka daɗe ba a wanke ba. Ya sa turaren wuta.

Aka sa ranar Juma'a za a kawo Ashatu. Maimuna ta zo daga Argungu ta yi wa uwarta jere. Aka kafa gadon ƙarfe na aurenta, aka jingina kabet a bangon gabas, aka jera tasoshi da kwanonin sha da Ashatu ta yi shekaru tana tarawa ba ta sami inda za ta baje su ba. Maimuna ta ɗauki hoto a waya ta kai mata. Ashatu ta daɗe tana kallo, ta ce a sauya wa manyan tasoshin wuri, an sa su a sama, nauyi zai karya katako.

Daga Litinin aka tsuge da ruwa irin na watan takwas, mai zuwa daga gabas yana dukan bango a kwance. Ya yi Litinin, ya yi Talata, ranar Laraba ya koma yayyafi. Hayatu ya fito daga sallar azahar, ya shiga lungunsu, yana ganin gidan da idonsa bangon gabas ya yi ciki kamar mace mai wata tara, bangon ya tsaya haka kamar yana shawara, sannan ya zauna. Ba wata babbar ƙara. Wani nishi ne mai nauyi, sai rufin ya bi shi, azara na karyewa ɗaya bayan ɗaya, sai ƙarar tasoshi daga ƙarƙashi, ita ce ta fi daɗewa.

Mutane suka fito. "Akwai kowa ciki? Akwai kowa ciki?" Aka ce babu, Maimuna ta tafi wurin uwarta. Aka yi ta hamdala. Hayatu yana tsaye da carbi a hannu. Simintin ya faɗi falle-falle, manya kamar ƙyauren ƙofa, fentin bai ko dusashe ba, ga layin nan sak a kan kowane ɓalli. Abin da ke bayansa kuwa ba bango ba ne kuma. Na'Allah ya duƙa ya damƙo, ya matse, ya zubo ta tsakanin yatsunsa kamar kunu. Wata biyu ruwa na shiga ta tsagar rufi yana taruwa, ba rana, ba iska. Tsohon ya goge hannu a rigarsa. Ya ce, "Allah shi mayar da alheri," bai ƙara ko kalma ba, kuma an shaide shi da wannan.

Hayatu bai hau kabu-kabu ba ranar. Da ƙafa ya tafi Unguwar Rogo cikin yayyafi. Ya tarar labari ya riga shi, Maimuna na kuka, Yari na tsaye a tsakar ɗaki. Ashatu na jingine da matasai uku, domin ta daina iya kwanciya miƙe. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Ta hwaɗi," in ji shi.

"Na jiya. Duka?"

"Duka. Da kayanki."

Ta ja numfashi. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi tasoshi ba.

"Zauren hwa? Ka sa mai siminti?"

"Ban kai gare shi ba."

"Alhamdu lillahi. Yari, tada mota."

Yari ya zaro ido. "Yaya, zaure? Mace ta kwana zaure, bisa hanya, inda maza ka zama? Mi mutane za su ce?"

"Su ce matar Hayatu ta koma gidan mijinta."

"Ki bari damana ta wuce, ni zan gina miki ɗaki da bulo, sati huɗu..."

"Kai ma sati-satin za ka kama? An yi man sati biyu tun watan ɗaya. Dube ni da kyau, Yari. Ni nig goya ka. Kana ganin sati huɗu jikin ga?"

Yari ya duba. Ya juya ya fita, aka ji yana yi wa wani tsawa a waje a kan makullin mota, alhali makullin na aljihunsa.

Ranar Alhamis aka kawo ta, kwana ɗaya kafin ranar da aka sa. Hayatu ya kwashe ragowar buhunan siminti daga zaure ya jefar a tsakar gida ruwa ya ci. Ya rufe ƙofar waje ya saka sakata, ya rataya asabari a ta ciki. Masu shiga gidan suka koma bi ta inda bango ya faɗi, suna taka ɓaraguzai. Gadon ƙarfe ya lanƙwashe a ƙarƙashin azara, don haka katifa aka shimfiɗa a kan dakalin ƙasa da ke cikin zauren, inda kakan Hayatu yake zama yana karatu. Bangon baƙi ne da hayaƙin shekaru, ba layi, ba sheƙi. Akwai sanyi mai daɗi a ciki, irin wanda fanka ba ta bayarwa.

Ashatu ta dubi sama ta ga inda danshi ya fara zane. Ta ce a yi wa rufin yaɓe kafin ruwa na gaba. Hayatu ya je ya durƙusa gaban Na'Allah, abin da bai yi ba wata takwas. Tsohon ya sa aka kawo masa kujera tsakar gida. Ƙasar shigifar da ta faɗi ita aka ɗiba, domin ƙasa ba ta mutuwa. Hayatu ya tsince ɓallin siminti daga ciki da hannu, ya zuba yankakkiyar ciyawa, ya jiƙa ɓawon ɗorawa ya tace ruwan makuba, ya naɗe wando ya shiga yana takawa. Mutum mai shekara sittin da ɗaya, karo na farko ƙafarsa cikin laka. Na'Allah na taɓawa da yatsa yana cewa bai yi ba, ƙara takawa. Daga bayan asabari muryar Ashatu na fitowa a hankali.

"Ciyawa ta yi kaɗan. Daga nan nika jin ta."

"Ke da ba ki gani?"

"Laka mai ciyawa ba haka taka kuka ba."

Na'Allah ya yi dariya har da tari. Ya ce da ita aka ba aikin tun farko da yanzu ana shan fura a shigifa. Ba wanda ya taya shi dariyar, shi ma ya bari.

Kwana biyu aka gama rufin. Kwana biyu.

Ashatu ta shiga mulkin gidanta daga kan dakali. Ta sa Maimuna ta kafa murhu a inda take so. Ta sa aka tono abin da ya tonu na tasoshi, aka wanke, waɗanda suka lotse ta ce a ajiye, suna zuba tsaba. Matan unguwa suka riƙa shigowa yi mata barka da zuwa, tana cewa a ba su tabarma, a kawo musu ruwa. Ranar Juma'a ta biyu ta sa aka tuƙa tuwon shinkafa da miyar sure, ta ce a kawo tukunyar gabanta. Ta raba da kanta: na gidan Na'Allah, na liman, na maƙwabtan yamma. Ta cika babban kwano guda ta ce a kai Unguwar Rogo, a ce wa matar Yari in ji matar gidan Malam Hayatu.

Wata la'asar suna su biyu, yana matsa mata ƙafa, ya ce, "Na ci miki wata takwas."

"Ka ci."

Ya jira ko za ta sassauta. Ba ta sassauta ba.

"Da ka ji maganata da na yi azumi ɗakina, na yi Salla ɗakina. Yari yay yi magana guda, kab bi ta wata takwas. Ni na yi shekara talatin da ɗaya ina yi ma magana." Ta tsaya ta huta. "Amma ba ni da lokacin hushi. Na yahe. Matsa ta hagun, ita ta hi ciwo."

Kwana goma sha tara ta yi a zauren. Ranar Talata da hantsi, Maimuna na wanke-wanke, Hayatu na zaune kusa da ita yana ɓare mata lemo, ta ce a gyara mata matashi. Ya gyara. Ta yi kalmar shahada sau biyu, ta uku ba ta ƙarasa a bayyane ba.

Mata suka yi mata wanka a tsakar gida, bayan zannuwan da aka ɗaura a kan igiya. Da aka shirya ta, wasu suka nufi wajen bangon da ya faɗi da makara, domin nan kowa ya saba bi kuma ya fi faɗi. Hayatu ya ce a'a. Ya shiga zaure ya naɗe katifar, ya zare sakatar da ya saka kwana goma sha tara da suka wuce, ya buɗe ƙofofin zauren duka biyu. Ta nan aka fita da ita. Ƙofar ƙunci gare ta, sai da masu ɗauka suka karkata.

Aka shimfiɗa tabarmi a garkarsa kwana uku. Fataken shanu na Unguwar Rogo suka zo da manyan motoci suka rasa wurin ajiyewa a lungun, suka taka da ƙafa. Hayatu suka tarar a tsakiya, shi ake miƙa wa hannu. Yari na gefensa, in an yi masa gaisuwa sai ya nuna Hayatu ya ce, "Ga mai gida nan."

Bayan addu'ar uku, da mutane suka watse, Yari ya tsaya yana kallon tudun da shigifa ta zama. Ya ce in damina ta wuce zai turo bulo da magina, a tayar da ɗakin, kada a bar shi haka.

Hayatu ya ce, "Wa za shi shiga?"

Yari bai turo ba, shi kuma bai tambaya ba. Maimuna ta yi ta roƙonsa ya koma Argungu wurinta, ya ƙi. Yana nan a zauren har yau, shi kaɗai. Ana kiransa aikin fenti jefi-jefi a sababbin unguwanni, yana zuwa, hannunsa bai mutu ba. In wani maƙwabci ya sayo siminti zai shafe tsohon bango, Hayatu yakan je ya tsaya a gindin tsani ya faɗi abin da ya sani, sau ɗaya. Yawanci dariyar ladabi ake yi masa, a ce zamani ya canza.